Yadda Ake Koyar da Ɗaukar Hoto ga Sabon Shiga, Daga Riƙon Kyamara Zuwa Aikin Kammalawa

Duk wanda ya kwana biyu yana ɗaukar hoto, wata rana sai an turo masa ƙane ko 'yar maƙwabta an ce, "Don Allah a koya masa." Wani kuma makaranta ce ko ƙungiya za ta damƙa masa aji guda. A nan mutum yake gane cewa iya abu daban, iya koyar da shi daban. Tambayar da ake ta maimaita mini ke nan: daga ina zan fara, kuma me ke bin me?

Ni kaina da kuskure na fara. A ajina na farko na cika allo da lambobi, na yi awa biyu ina zuba bayani, kowa na gyaɗa kai. Da muka fita waje, babu wanda ya ɗauki hoton da za a iya nuna wa mutane. Wata ɗaliba ta miƙo mini kyamararta ta ce, "Malam, ka saita mini kawai, ni sai in danna." Na karɓa na saita mata, wannan kuma shi ne kuskure na biyu. Tsarin da zan kawo a kan waɗannan biyun na gina shi: abu ɗaya a zama ɗaya, kuma kyamara ba ta barin hannun mai koyo. Zai ci zama goma sha biyu ko kusa da haka, kowane na awa biyu, da aikin gida a tsakani.

1. Kayan aiki da inda kuɗi ya kamata su tafi

Kada ka sa kowa ya sayi kyamara kafin zama na uku ko na huɗu. Waya ta isa darasin haske da na tsarin hoto gaba ɗaya, kuma wayoyin Android da yawa suna da sashen da aka rubuta wa Pro, inda ake canza ISO (yadda kyamara ke ƙarfafa hasken da ta samu) da saurin ƙiftawa (tsawon lokacin da take barin haske ya shiga) da hannu. Abin da waya ba ta bayarwa shi ne ƙofar haske, wato ramin da haske ke bi a cikin lens (gilashin gaban kyamara), domin a mafi yawansu a kafe take, ba ta buɗewa ba ta tsukewa. Don wannan darasin ne kake buƙatar kyamara mai cire lens, ko da guda biyu ce a aji, a riƙa karɓa-karɓa. Mutum uku a kan kyamara ɗaya ya yi daidai: ɗaya na ɗauka, ɗaya na tsayawa a ɗauke shi, ɗaya na rubuta saitin. Da sun wuce huɗu, wani zai koma ɗan kallo.

Idan lokacin saye ya yi, kyamara ta hannu, wato wadda wani ya taɓa amfani da ita, ta wadatar. Tsohuwar DSLR, wato kyamara mai cire lens mai madubi a ciki, ta Canon ko Nikon, da lens ɗin 18-55mm (lambar mm tsawon lens ce, in ta yi girma ya fi jawo abu kusa) da aka saba haɗo ta da shi, za ta kai ɗalibi shekara biyu bai ƙure ta ba. Ragowar kuɗin ya tafi ga lens ɗin 50mm f/1.8 (lambar f ita ke nuna faɗin ƙofar haske), wanda yana cikin mafi araha a lens masu buɗewa sosai, sai batir na biyu, katin memori biyu matsakaita maimakon ɗaya babba, da abin hura iska da ƙyalle mai laushi. Tirayifod, wato sandar nan mai ƙafa uku, guda ɗaya ta ishi aji. Babban farin kwali yana yin aikin faifan mayar da haske. Filashar waje da fitilun situdiyo su jira tukuna.

Gargaɗi: kafin a biya kuɗin kyamara ta hannu, a duba adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, a haska fitila cikin lens a nemi zare-zare kamar saƙar gizo, domin wannan fumfuna ce kuma yaɗuwa take yi. Sannan a ɗauki farin bango a f/16. Duk ƙurar da ke kan sensa, wato farantin cikin kyamara da ke karɓar haske, za ta fito ɗigo-ɗigo.

2. Riƙo da ladabin kyamara

Wannan rabin zama ne, amma tun ran gini tun ran zane. Madauri a wuya ko a naɗe a hannu. Hannun hagu a ƙarƙashin lens yana tallabe da shi, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ƙafa ɗaya gaba kaɗan. Maɓallin ɗauka hawa biyu gare shi: a danna rabi kyamara ta kama fokas, sannan a ƙarasa a hankali, ba a soka shi kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa ba. Akwai ɗan ƙaramin gargare a gefen tagar leƙe, kowane ɗalibi ya murza shi har lambobin ciki su fito masa tar. Ana yawan mantawa da wannan, sai mai tabarau ya yi mako yana zaton kyamara ce ta lalace.

Lens ana canza shi ne kyamara a kashe, bakinta na kallon ƙasa, ba a cikin ƙura ba. Memori kuwa a cikin kyamara ake goge shi gaba ɗaya, bayan an tabbatar an kwashe hotunan.

Gargaɗi: kada kowa ya saita kyamara a kan rana tsaka yana leƙe, musamman da dogon lens. Yana iya illata ido, yana iya ƙona cikin kyamara.

3. Haske kafin maɓallai

Idan akwai zaman da ba zan yarda a tsallake ba, wannan ne. Kyamara ta zauna a kan saitin da take yin komai da kanta, filasha a kashe, ko kuma a yi da waya. Ba a maganar lamba ko ɗaya yau.

Nemi ɗaki mai taga ɗaya, ka kashe fitilu. Zaunar da ɗalibi ɗaya a kan kujera, kamar taku biyu daga taga, fuskarsa na kallonta. Kowa ya ɗauka. Haske ya mamaye fuskar baki ɗaya, babu inuwa, hoton ya yi fes amma a shafe yake kamar na fasfo. Yanzu juya kujerar, taga ta koma gefensa. Rabin fuska ya yi haske, rabi ya shiga inuwa, ƙashin kunci da karan hanci sun fito, tsohon tabon da ba a lura da shi ba ya bayyana. Sa wani ya riƙe farin kwali a ɓangaren inuwar, ya riƙa matsowa a hankali. A nan ajin yakan yi tsit, domin kowa na ganin inuwar tana washewa da idonsa, ba wanda ya taɓa kyamara. Gani ya kori ji. A ƙarshe juya shi ya ba taga baya: fuska ta yi baƙi ƙirin, wani siririn haske ya zagaye kai da kafaɗa.

Daga nan ka ja kujerar nesa. Hasken fitila yana raguwa da sauri fiye da yadda ake zato: idan aka ninka tazara sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isowa. Na taga ma yana faɗuwa da sauri da zarar an yi nisa da ita. Shi ya sa mutum biyu a ɗaki ɗaya, na kusa da taga ya fito, na kusurwa ya ɓace.

Sai a fita waje. Ɗauki mutum guda a cikin rana tsaka, a ga yadda idanu ke faɗawa rami kuma goshi ke ƙyalli. Matsa da shi bakin inuwar gini, fuskarsa na kallon fili, a sake ɗauka. Dokar da za su tafi da ita gida ɗaya ce: ƙaramin tushen haske yana ba da inuwa mai kaifi, babba kuma na kusa yana ba da mai laushi. Rana ƙarama ce a sama saboda nisanta, amma in gajimare ya rufe ta, sama gaba ɗaya ta zama taga.

Aikin gida: abu ɗaya, wuri ɗaya, hoto huɗu. Da hantsi, da tsakar rana, awa guda kafin faɗuwar rana, da bayan ta faɗi da kaɗan.

4. Saiti uku, ɗaya bayan ɗaya

Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Kowane saiti zamansa daban, kyamara na kula da sauran.

Fara da saurin ƙiftawa, domin sakamakonsa a bayyane yake. A murza gargaren sama zuwa S a Nikon da Sony, ko Tv a Canon. Ɗalibi ɗaya ya riƙa tsalle ko gudu, a ɗauke shi a 1/30, 1/125, 1/500 da 1/1000 na daƙiƙa. A na farko ya zama aljani, a na ƙarshe ya daskare a iska har igiyar takalminsa ana gani. Su rubuta lambobin da za su yi musu amfani: mutum a zaune, kada a yi ƙasa da 1/125, mai tafiya 1/250, mai gudu 1/500 zuwa 1/1000. Ga girgizar hannu kuma akwai tsohuwar ƙa'ida: kada lambar ƙasa ta gaza tsawon lens. Lens ɗin 50mm yana son 1/60 ko sama, na 200mm yana son 1/250.

Zama na gaba ƙofar haske, a kan A ko Av. A nan kowa ke rikicewa, domin lambar a juye take: f/1.8 ƙofa ce wangamemiya, f/16 ɗan tsukakken rami. Kada ka ɓata lokaci wajen bayanin dalili. Ka sa su leƙa ta gaban lens lokacin da ake ɗauka, su ga ramin na buɗewa yana tsukewa. Sannan jera mutum biyar ɗaya bayan ɗaya, taku guda tsakanin kowanne, a kama fokas a kan na biyu, a ɗauka a f/1.8, f/4, f/8 da f/16. A na farko mutum ɗaya ne ya fito tar, sauran dishi-dishi. A na ƙarshe kusan duk sun fito. Nuna musu kuma cewa ba ƙofa kaɗai ke narkar da bayan hoto ba: matsowa kusa da mutum, nisantar da shi daga bango, da dogon lens, duk suna yi. Mai 18-55mm ya jawo zuwa 55, ya matso, ya raba mutumin da bango, zai sha mamaki. Amma ya san cewa a 55mm lens ɗinsa f/5.6 ce iyakarsa, alhali f/1.8 tana shigar da haske kusan ninki goma na hakan. Dalilin sayen 50mm ke nan.

ISO ba ya cin zama guda. Ɗauki kusurwa mai duhu a 100, 800, 3200 da mafi girman da kyamarar ke da shi, a buɗe hotunan a kwamfuta a ga yashi-yashin da ke ƙaruwa. Sabon shiga yakan ji tsoron ISO har ya gwammace ya bar shi a 100 a cikin ɗaki, ya dawo da hotuna duk a girgije. Faɗa musu ƙarara: hoto mai yashi ana amfani da shi, mai girgiza sai shara.

Sai bayan waɗannan ukun ake murzawa zuwa M, inda ɗalibi ke saita komai da hannu. Rubuta jeri uku a allo: f/2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16. Sai 1/1000, 500, 250, 125, 60, 30. Sai ISO 100, 200, 400, 800, 1600. Kowane taku a kowane jeri ninka hasken hoto yake yi sau biyu ko ya raba shi biyu. In ka karɓa a nan, ka biya a can. Su gwada da hannunsu: f/4 a 1/500, f/5.6 a 1/250, f/8 a 1/125, f/11 a 1/60, duk a ISO ɗaya. Hasken hotunan huɗu iri ɗaya zai fito, abin da ya bambanta shi ne bayan hoto da motsi. Ranar da ɗalibi ya gane wannan, ya haye. Ka ba su kuma madogara ta rana mai haske sosai: ISO 100, f/16, 1/125.

Gargaɗi gare ka, malam: za a miƙo maka kyamara a ce ka gyara. Sa hannunka a aljihu. Tambaye shi, "Ya yi duhu ne ko ya yi haske? To, cikin ukun wanne za ka taɓa, kuma me za ka rasa in ka taɓa shi?" Zai ɗauki minti uku a abin da za ka yi cikin daƙiƙa biyar, amma ba zai sake tambaya ba.

5. Fokas, da inda ma'aunin kyamara ke yin ƙarya

Cire su daga barin kyamara ta zaɓi wurin fokas, domin ita abin da ya fi kusa ko ya fi bayyana take kamawa. Ɗigo ɗaya, ɗalibi ya ɗora shi inda yake so. Abin da ke tsaye, a sa saitin fokas a AF-S ko One Shot, gwargwadon kamfanin kyamara. Abin da ke motsi, AF-C ko AI Servo. A hoton mutum, idon da ya fi kusa da kyamara shi ne wurin. Sababbin kyamarori marasa madubi suna bin ido da kansu, a yi amfani da hakan, amma a san yadda ake karɓe ragama ranar da suka kama idon wanda ba shi ake nufi ba.

Ma'aunin haske na kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani ruwan toka matsakaici. Nuna masa farar takarda ta cika hoto, zai dusashe ta. Nuna masa baƙin ƙyalle, zai haskaka shi ya koma toka. Sa kowa ya gwada, biyun za su fito kusan launi ɗaya. Maganin shi ne maɓallin da ke da alamar +/-: a ƙara ga fari, a rage ga baƙi. Babbar jarrabawa ita ce mutum mai duhun fata sanye da fararen kaya a rana. In ka bi kayan, fuska ta nutse. In ka bi fuska, kayan sun ƙone, saƙarsu ta ɓace. Lamba ba ta warware wannan, wuri ne ke warwarewa: kai shi inuwa, ka mayar masa da haske fuska da kwali. Kunna musu alamar da ke ƙyaftawa a inda hoto ya ƙone, su koyi duba jadawalin haske, wato zanen da kyamara ke nuna yawan duhu da haske na hoto da shi, maimakon amincewa da allon kyamara, wanda a rana yake nuna duhu, da dare kuma yake nuna haske fiye da gaskiya.

Launi ma a nan ake taɓa shi. Hasken rana wajen 5500 yake a ma'aunin Kelvin, wanda ake auna launin haske da shi, tsohon ƙwan fitila mai ɗumi wajen 3000, inuwa kuma ta fi karkata ga shuɗi. Ɗauki farar takarda a kowane wuri da saitin daidaita fari daban-daban, wato saitin da ke sa fari ya fito fari a kowane irin haske, ya wadatar.

6. Tsara hoto

Ka'idar raba hoto gida uku kowa zai koya cikin minti goma: a kunna layukan allo, a ɗora ido ko layin da sama ta haɗu da ƙasa a kan ɗaya daga ciki. Kada ka mayar da ita farilla. Abin da ya fi ta amfani shi ne duba gefuna huɗu da bayan mutum kafin a danna. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: turken lantarki da ya tsiro daga kan mutum, rabin hannun wani a gefe, ƙafa da aka datse daidai idon sawu.

Atisayen da na fi so: a kafe lens a tsawo ɗaya, babu jawowa, a ba kowa abu guda ya kawo hoto goma mabambanta. Biyar na farko a tsaye zai ɗauke su, daga tsayin idonsa. Daga na shida dole ya durƙusa, ya hau wani abu, ya zagaya baya, ya matso har ya cika hoton. Galibi na takwas ko na tara ne mai kyau.

7. Nau'o'in hoto, kowane da abin da yake koyarwa

Kada ka gabatar da su a matsayin jerin sunaye. Kowane nau'i fita ce guda da matsala guda.

Hoton mutum shi ne na farko, kuma rabinsa magana ce. Ɗalibi yakan ɓuya a bayan kyamara ya yi shiru, wanda ake ɗauka ya sandare. Koya musu su gama saiti kafin mutumin ya tsaya, su riƙa hira, su ba da umarni ƙarami mai sauƙin bi: juyo kafaɗa kaɗan, sauke haɓa, kalli taga. A tsaya kamar mita biyu ko fiye, a yi amfani da 50mm zuwa 85mm. In aka matso da lens mai faɗi dab da fuska, hanci zai kumbura, kunnuwa su ja baya. A nemi ɗigon haske a ƙwayar ido, shi ke raya fuska. Ga jama'a masu layi biyu ko uku, f/5.6 zuwa f/8, kuma a ɗauka sau da yawa domin dole wani ya ƙifta.

Hoton kaya, na masu sayarwa a intanet, shi ya fi saurin kawo wa ɗalibi ɗan abin sawa a aljihu. Tebur a gefen taga, farar takarda a lanƙwasa ta daga bango zuwa tebur, kwali a ɓangaren inuwa, tirayifod, ISO 100, f/8. Launin kayan ya fito yadda yake, in ba haka ba mai saye zai dawo da shi.

Shimfiɗar ƙasa da gine-gine suna koyar da haƙuri da sammako: f/8 zuwa f/11, layi a miƙe, wani abu a gaba da zai ja ido ciki. Wasanni suna koyar da hasashe: 1/1000, fokas mai bi, a tsaya inda abin zai faru a jira shi. A gwada kuma bin mai keke da kyamara a 1/30, shi ya fito, bayansa ya zama zane. Cikin ashirin ɗaya zai yi kyau, ka gaya musu tun kafin su karaya.

Hoton dare yana buƙatar tirayifod da agogon jinkiri na daƙiƙa 2 don kada yatsa ya girgiza kyamara. ISO 100, f/11, daƙiƙa 10 zuwa 15 a gefen titi, fitilun motoci su zama zare. Kuma tunda babu ajin da ba a tambayar hoton wata: rana ce ke haska shi, don haka saitin rana yake so, wajen f/11 da 1/125 a ISO 100. In aka bar wa kyamara, farin dunƙule kawai za a samu.

Hoton titi da na labari na bari ƙarshe, domin nan ne ake hulɗa da mutanen da ba su gayyace ka ba. Lens ɗin 35mm ko makamancinsa, f/8, 1/250, a sami wuri mai kyawun haske a jira. Tura su bibbiyu.

Gargaɗi: wanda ya ce kada a ɗauke shi, a sauke kyamara, in an riga an ɗauka ya nemi a goge, a goge. Yara sai da izinin iyaye. Wuraren tsaro, barikoki da filayen jirgin sama ƙasashe da yawa sun hana ɗaukarsu, ɗalibi ya san dokar inda yake kafin ya ɗaga kyamara.

Hoton taro ya haɗa duk waɗannan, kuma ba a cewa a maimaita. Ba a fafe gora ranar tafiya: batir biyu a cike, memori a goge, a je wurin da wuri a ga haskensa. In za a sa filasha, yawancin kyamarori ba sa wuce 1/200 ko 1/250 da ita, in an wuce sai baƙin layi ya datse hoton. A harba ta rufi ko farin bango maimakon fuska. Wasu fitilun LED kuma suna jawo ratsi-ratsi a hoto in ƙiftawa ta yi sauri, sai a sauko wajen 1/100 ko 1/60 a gwada. Kada ɗalibi ya karɓi aikin taro shi kaɗai sai ya bi wani sau biyu ko uku a matsayin mataimaki.

8. Zaman duba hotuna

Rabin awa na farkon kowane zama na wannan ne. Kowa ya kawo hoto uku kacal. Zaɓen ukun daga cikin ɗari shi kansa darasi ne, kuma yana da wuya fiye da ɗauka. A nuna a babban allo. Mai hoton ya yi shiru tukuna, sauran su faɗi inda idonsu ya fara sauka. In ba nan ya nufa ba, ya ji da kunnensa, ba sai ka faɗa ba. Sannan tambaya uku: daga ina haske ya zo, me za a cire, me za ka canza in ka koma? "Ya yi kyau" ba sharhi ba ne, "bai yi ba" ma haka. Kai kuma gyara ɗaya za ka bayar a kowane hoto, ko da ka ga biyar.

Koya musu bambance dishi-dishi iri uku, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. In komai ya girgiza har bango, hannu ne, a ƙara sauri. In bango ya fito tar mutum ya shafe, motsinsa ne. In kunne ko bangon baya ya fito tar ido bai fito ba, fokas ne ya kauce. Kowane hoto yana ɗauke da bayanan saitin da aka ɗauke shi da su, a buɗe a duba, gardama ta ƙare.

9. Gyara da ajiya

Jinkirta gyaran hoto har sai an wuce mataki na biyar, in ba haka ba "zan gyara daga baya" zai zama waƙa. Snapseed kyauta ne a waya, Darktable da RawTherapee kyauta ne a kwamfuta, Lightroom na kwamfuta kuma biya ake yi wata-wata. Jerin aikin: a zaɓa, a miƙe layi a yanke, a daidaita fari, a gyara haske gaba ɗaya, sannan wuraren haske da na inuwa, launi a ƙarshe kuma da sauƙin hannu. A nan ne za a gabatar da RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto, wanda ke jure gyara fiye da JPEG da aka saba, amma yana cin wuri.

Gargaɗi: sabon shiga yana son goge fata har ta koma roba, ya haskaka mutum har danginsa su kasa gane shi. Tsawata tun da wuri. A hoton labari kuwa ba a ƙara komai, ba a cire komai.

Ajiya: kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban ko a intanet. Sunan jaka ya fara da shekara, wata, rana. Na taɓa goge memori ina zaton na kwashe, ashe rabi ne ya shiga kwamfuta kafin igiyar da ta haɗa su ta zare. Tun ranar sai na ƙirga adadin hotunan a ɓangare biyu kafin in goge, kuma haka nake sa ɗalibai su yi. In za a tura hoto ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin ta hanyar da aka saba matse shi ake yi.

10. Aikin kammalawa

Mako uku, jigo ɗaya, hoto goma zuwa goma sha biyu. Jigon ya zama ƙarami kuma kusa, wanda ɗalibi zai iya komawa sau biyar ba tare da wahala ba: mai sana'a ɗaya da hannuwansa, titi ɗaya a lokuta daban-daban, ƙungiyar wasa ɗaya a wajen atisaye. Wanda ya ce zai ɗauki "rayuwa" ko "talauci", ka mayar da shi ya rage. A cikin jerin a sami hoto mai faɗi da ke nuna wurin, matsakaici da ke nuna aiki, na kusa da ke nuna hannu ko kayan aiki, da fuska aƙalla ɗaya. Kowane hoto da layi guda a ƙasa: wa, me, ina, yaushe.

A ƙarshen mako na biyu su kawo talatin, a wanke su ƙanana, a baza a tebur. Ɗalibi ne zai jera ya rage, kai tambaya kawai za ka yi. Za ka ga ya riƙe wani hoto ya ƙi saki don ya sha wuya kafin ya same shi, alhali bai shiga jerin ba. Bar shi ya ajiye shi gefe da hannunsa. Kafin a wanke na ƙarshe manya, a fara gwada guda ɗaya, domin takarda takan fito da duhu fiye da allo, sai a ƙara wa sauran haske kaɗan gwargwadon abin da gwajin ya nuna.